Daga Filin Sukuwar Newmarket: Me Ke Sa Doki Ya Ci, Me Ke Kayar Da Shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau muna Newmarket, wani ƙaramin gari a gabashin Ingila. A ƙasar nan in ka buɗe shafin wasanni na jarida ka ga an rubuta racing shi kaɗai, to sukuwar dawaki ake nufi. Tseren mota ko na keke sai an haɗa masa da sunan abin hawan. Wannan fili da ke bayana sunansa Rowley Mile, ya samo sunan ne daga wani ingarman Sarki Charles na Biyu.

Bari mu fara da nisa. Ba da mita suke lissafi ba, da furlong ne. Guda ɗaya mita 201 ne, takwas su ba da mil ɗaya. Kun ga wancan alamar mai lamba 2 a bakin shinge? Tana gaya wa mahayi saura furlong biyu ya kai layi. Gasar 2000 Guineas da ake yi a wannan fili, wadda aka fara a 1809, mil ɗaya ce a miƙe ba kwana, kuma 'yan shekara uku kaɗai ke shiga. Shekarun ma da dokarsu: kowane doki ana ƙara masa shekara ne ranar 1 ga Janairu, ko a wane wata aka haife shi.

To amma abin da mai kallo a talabijin ba ya gani shi ne nauyi, kuma a nan maganar take. Kafin a fita, mahayi zai hau ma'auni rungume da sirdinsa. In an rubuta wa dokin 9-2, wato stone 9 da fam 2 a ma'aunin nauyi na Ingila, kimanin kilo 58 ke nan, shi da kayan dole su cika wannan adadi. In bai kai ba, sai a zura fallayen dalma a aljihunan wani ƙyalle da ake shimfiɗawa ƙarƙashin sirdi har ya cika. A gasar da suke kira handicap kuwa, dokin da ya fi ƙwazo shi ake ɗora wa nauyi mafi yawa, don a rage tazara tsakaninsa da saura. Masu harkar suna ƙiyasin cewa a tseren mil ɗaya, ƙarin fam biyu na ci wa doki tsawon jikinsa guda. Ka ga ke nan dalmar da ba ta fi tafin hannu ba tana iya raba na ɗaya da na uku.

Sai ƙasa. Da safe ake soka wata sanda mai na'ura a cikin ciyawar a auna taurinta, a sanar ko ta bushe, ko daidai take, ko ta yi laushi. Wani dokin in ƙasa ta jiƙe kofatonsa na nutsewa sai ya sare tun kafin ƙarshe, wani kuma ranar ce tasa. Shi ya sa za ka ga mai horo ya janye dokinsa saboda ruwan da aka kwana ana yi.

Ku dubi nan da kyau, bari in matso da kyamara. Filin yana gangarawa cikin ɗan kwari, daga nan furlong na ƙarshe hawa ne. Doki mai dogon taku yakan rikice a gangaren, wanda kuma aka saki linzaminsa da wuri numfashi ke ƙare masa a kan tudun.

Bulala ma da ƙa'ida. Tun 2023 sau shida aka yarda a tseren fili, bakwai a na tsallake shinge. Wanda ya zarce za a dakatar da shi, in ƙarin ya kai huɗu a ƙwace nasarar ma baki ɗaya. Layin 'yan caca da kuke hange can, wannan ba hanyarmu ba ce, mu wuce.

Kada kuma ka yi saurin murna don dokinka ya riga kowa. Mahayan da suka zo kan gaba za su koma kan ma'auni, kuma duk wanda nauyinsa ya ragu fiye da yadda doka ta yarda, an soke shi. In wani ya tare wa wani hanya, alƙalai za su zauna su duba bidiyon. Sai ka ji an yi shela a lasifika cewa an gama awo, sannan sakamako ya tabbata.