Ganuwar da aka ce an gina a ƙasar maƙwabci: abin da ya faru a bakin tafkin Champlain

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan kango da kyau. Katangar dutse ce tsaye a cikin ruwa, itatuwa sun tsiro a kanta, tagogin igwa suna kallon tafki babu kowa a bayansu. Nan ƙarshen tafkin Champlain ne ta arewa, kusa da garin Rouses Point a jihar New York, dab da iyakar Amurka da Kanada.

Hoton nan ya zaga wayoyi da yawa, kuma kusan kullum da magana ɗaya: wai ga ganuwar da Amurka ta gina a cikin Kanada bisa kuskure. Labarin yana da tushe, amma ba wannan ginin ba ne. Gine-gine biyu aka yi a wurin, kuma wanda kuke gani na biyun ne.

[Taswira: kogin Richelieu da tafkin]

Dalilin gini a nan a fili yake. Ruwan tafkin yana fita ta kogin Richelieu zuwa Kanada, wadda a lokacin take ƙarƙashin Birtaniya, don haka hanya ce ta jiragen yaƙi. Ta nan sojojin Birtaniya suka gangaro a 1776, suka sake gangarowa a 1814 har aka gwabza a Plattsburgh. Amurka ta ce a toshe ƙofar. A 1816 aka fara ganuwa mai kusurwa takwas, har shugaba James Monroe ya je ya duba aikin a 1817.

To, a nan nake so mu ɗan zauna, domin nan ne ake ruɗewa. Mutane suna ɗauka magina ne suka ɓata hanya, suka tsallake iyaka ba su sani ba. Sam. Sun yi gininsu kudu da iyakar da kowa ya sani a lokacin. Matsalar ita ce iyakar iri biyu ce: akwai ta takarda, akwai ta ƙasa.

Ta takarda ta ce iyaka ita ce layin digiri 45 na arewa. Layi ne na lissafi, ba kogi ba ne balle dutse da za ka nuna da yatsa. Dole wani ya je ya auna tsayin rana da taurari, ya ce ga inda yake. Wannan aiki masu awon ƙasa biyu suka yi shi, John Collins da Thomas Valentine, a farkon shekarun 1770, cikin dokar daji da fadama, da kayan aikin zamaninsu. Suka kafa alamomi, mutane suka sare daji suka yi gonaki, suka biya haraji, duk bisa waɗannan alamomi, sama da shekara arba'in.

[Layuka biyu a kan taswira, ja da shuɗi]

Ku kalli layin ja, shi ne nasu. Shuɗin shi ne digiri 45 na gaskiya, yana kudu da jan. Da aka sake awo a 1818, sai aka ga a daidai wannan wuri tazararsu ta kai kusan kilomita 1.2. Kafin ku yi musu dariya, ku lura: digiri ɗaya ya kai kilomita 111. Kuskurensu bai kai kashi ɗaya cikin sittin na digiri ba. Ni kam ina jinjina musu. Sai dai wannan ɗan kuskure ya isa ya jefa ganuwa sukutum cikin ƙasar waɗanda aka gina ta don tare su.

Nan take aiki ya tsaya. Mutanen yankin suka riƙa kwasar duwatsun suna gina gidajensu, dutse sassaƙaƙƙe a banza wa zai ƙi? Daga nan sunan Fort Blunder ya samo asali, wato ganuwar katoɓara.

Yadda aka warware rikicin shi ya fi burge ni. A yarjejeniyar Webster da Ashburton ta 1842, Amurka da Birtaniya ba su tashi mutane daga gonakinsu don bin lissafi ba. Sun amince tsohon layin, da karkacewarsa, shi ne iyaka. Filin ya dawo hannun Amurka ba tare da an ɗaga dutse ɗaya ba.

A 1844 aka ɗora sabon gini, Fort Montgomery, da sunan Janar Richard Montgomery wanda aka kashe a harin Quebec a 1775. Shi ne wannan. An tsara shi ya ɗauki igwa 125 a hawa uku, da gwalalo mai raba shi da tudu. An shafe kusan shekara talatin ana aiki, aka ƙara azama lokacin yaƙin basasar Amurka saboda tsoron kada Birtaniya ta shigo ta arewa.

[Cikin ɗakunan igwa, a bar hoto ya yi tafiya]

Ku saurari amon takun ƙafa a nan. Ku ɗaga ido ku ga rufin bulo mai bakan gizo, yadda aka jera shi ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Ba a taɓa kai masa hari ba, ba a kuma taɓa cika shi da soja ba. Yawanci mai gadi ne kawai a ciki. Makamai suka ci gaba, katangar dutse ta daina tare harsashi. A 1926 gwamnati ta yi gwanjonsa. Tsakanin 1936 da 1937 aka rushe mafi yawansa, aka farfasa duwatsun aka yi cikon gadar da ta haɗa Rouses Point da Alburgh ta jihar Vermont. Wannan kam yana min ciwo, aikin shekara talatin ya koma tsakuwa cikin 'yan watanni.

Abin da ya rage mallakar masu zaman kansu ne, kuma bangon yana zubewa, saboda haka kada wani ya ga bidiyon nan ya je ya haura ba izini. Mai son gani ya bi ta gadar da ke wurin yanzu ya dubi arewa. Zai hango shi a bakin ruwa, Kanada kuma tana bayansa kaɗan.