Sarkin Salmon: Kifin da Kitsensa Ya Ja Masa Tsada

Jama'a, kafin mu yi nisa, kifin ƙanƙarar nan da ake sayarwa a Nima da Maamobi da sunan "saman", wanda ake bandarwa a jefa a miya, makarel ne. Na yau daban yake. Sunansa Chinook, ana yi masa laƙabi da sarkin salmon, don duk cikin salmon na tekun Fasifik babu mai girmansa. A 1985 an kama ɗaya da ƙugiya a kogin Kenai na Alaska, nauyinsa kilo 44. Kifin ruwan sanyi ne, daga Kalifoniya zuwa Alaska, har gabashin Rasha da arewacin Japan.

A kogi ake ƙyanƙyashe shi. Uwar takan share tsakuwa da jelarta, ta zuba dubban ƙwai, ta rufe. 'Ya'yan su gangara teku su yi shekara uku ko huɗu, wasu fiye, suna cin ƙananan kifaye da jatan lande. Daga wannan abincin namansa ke samun jan launi.

To ga inda abin mamakin yake. Idan lokacin zuba ƙwai ya yi, sai ya juyo ya nemi ainihin kogin da ya fito, yana bin ƙamshin ruwan. Da ya shiga kogi kuma, ya bar cin abinci ke nan. Wasu na kogin Yukon, da ya ratsa Kanada da Alaska, sukan haura sama da kilomita 3,000, ruwa na turo su baya, wato Accra zuwa Kumasi kusan sau 12, ba ko loma ɗaya. Da wane ƙarfi? Da kitsen da ya tara a teku. Guzurinsa ne, kuma wannan guzurin shi ne daɗin da ake biya da tsada. Shi ya sa aka fi son wanda aka kama a teku ko a bakin kogi. Wanda ya isa gida ya riga ya rame, namansa ya saki, yana gama haihuwa zai mutu.

Kifi mai irin wannan tafiya, madatsar ruwa ce babbar abokiyar gabansa. Madatsar Grand Coulee ta Amurka, da aka kammala a 1942, ta toshe masa saman kogin Columbia gaba ɗaya. Wanda ya san abin da Akosombo ta yi wa masuntan ƙasan Volta ba sai an yi masa dogon bayani ba. A 2024 aka kammala rushe madatsu huɗu a kogin Klamath na Amurka, a shekarar kuwa kifin ya sake haurawa.

Idan kun ga salmon mai jan nama a manyan kantunan Osu, ku duba takardar jikinsa. Galibi na kiwo ne, irin na Atlantika, wanda Norway ta fi kowa samarwa. Chinook na kiwo kuwa, yawancinsa daga New Zealand yake fitowa.