Shugaban Jami'a: Ga Rawani, Ina Sanda?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

A ƙarshen watan Satumban 2022, lokacin da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya haura wata bakwai, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta aike wa shugabannin jami'o'in tarayya takarda cewa su buɗe makarantu a koma aji. Ba a je ko'ina ba sai ga wata takardar, ta ce an janye ta farko. Da yawanmu mun ji labarin, mun yi dariya, mun wuce. To amma mu ɗan tsaya kan mutumin da takardun nan biyu suka sauka a teburinsa. An ce ya buɗe aji, alhali masu shiga ajin su koyar ba shi ke biyansu albashi ba, ba kuma da shi suke rigima ba. Jiya-jiyan nan ɗan ƙungiyar ne kamar su, kuma idan shekarunsa biyar suka cika, cikinsu zai koma ya ɗauki alli. Ya bi umarnin Abuja, abokan aiki su ce ya ci amana. Ya ƙi bi, a ce ya yi wa gwamnati tsaurin ido. Gaba kura, baya sayaki.

Wanda ke kallon shugaban jami'a daga nesa, cikin jar alkyabbar ranar yaye ɗalibai, mai ɗauke da sandar girma na tafe a gaba, zai ɗauka sarki ne mai cikakken iko. Sai ka matso ka ƙirga abin da ke hannunsa. Albashin ma'aikata daga Abuja yake zuwa. Shekaru aka kwashe ana dambe kan tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda ya sa ɗaukar malamin wucin gadi ko gayyato shehun malami daga wata jami'a ya zama aiki ja, sai a watan Disamban 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga ciki. Kuɗin da jami'a ta tara da guminta, tun 2015 asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya suke shiga. A ƙarshen 2023 ma har an yi yunƙurin zaftare kashi 40 cikin ɗari na wannan ɗan kuɗin shigar, sai da aka yi ca sannan gwamnati ta ja da baya. Malami ya rasu ko ya yi ritaya, cike gurbinsa sai an yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshin Abuja ana neman izini. Ɗaukar ɗalibai sai ta bi ta na'urar JAMB. Hatta abin da za a koyar, sabuwar manhajar da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta tsara kashi 70 daga sama, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Ina majalisar malaman jami'a, wadda doka ta ce ita ce mai faɗa a ji a kan harkar karatu?

Gine-ginen da kuke gani masu tambarin TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, kuwa, su ma suna da tarihi. Daga yarjejeniyar da ASUU ta ƙulla da gwamnatin soja a 1992, zamanin da Attahiru Jega ke shugabantar ƙungiyar, aka samu dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. A 2011 aka mayar da asusun na manyan makarantu kaɗai. Ba don shi ba, da yawancin jami'o'inmu ko ɗakin taro na kirki ba su da shi. Sai dai shi ma ya zo da nasa ciwon. Ya koya mana auna shugaban jami'a da bulo da siminti. Ranar da zai sauka, jawabin bankwanansa jerin gine-gine ne: na gina wannan, na yi wa wancan fenti, na kewaye makaranta da katanga. Da wuya ka ji ya ce ga yawan masu digirin digirgir da suka kammala a kan lokaci a zamanina, ko ga binciken da malamaina suka yi ya shiga gonar manomi ko asibitin ƙauye. Gini ana ɗaukar hotonsa, ana yanka masa kyalle. Ingancin karatu ba ya shiga kyamara.

Ana wata ga wata. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar lantarki na rukunin da ake kira Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga naira 68 zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, kuma manyan jami'o'i da dama suka tsinci kansu a wannan rukuni. Takardar kuɗin wuta ta wata guda ta koma ta ɗaruruwan miliyoyi a wasu wuraren. A Jami'ar Benin, rashin wuta ya kai ɗalibai suka fito suka tare babbar hanya a tsakiyar 2024. Jami'ar Bayero ta ɗan samu sassauci da tashar hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, amma jami'a nawa ke da irinta? Mutumin da aka zaɓa domin ya jagoranci masana, sai ga shi ya wayi gari yana lissafin man dizal, yana lallashin kamfanin raba wuta kada a yanke layin asibitin makaranta. Idan ya ƙara kuɗin rajista don ya cike giɓin, iyaye su yi kuka, kuma kukan nasu gaskiya ne. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya rage wa wasu nauyi, amma bai biya wa jami'a kuɗin wuta ba.

Mu a Arewa akwai ƙari a kan wannan, wato tsaro. Shugaban Jami'ar Tarayya ta Gusau bai karanci yadda ake tunkarar 'yan bindiga ba, amma a watan Satumban 2023, da aka shiga unguwar Sabon Gida aka kwashe ɗalibai mata daga gidajen hayarsu, ƙofarsa iyaye suka nufa. Ba shi da soja, ba shi da ɗan sanda, ba shi da kuɗin gina ɗakunan kwanan da za su ɗauke yaran su dawo cikin makaranta.

To, masu sauraro, tambayar da ke ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: idan kujerar haka take da ƙaya, me ya sa ake kashe kai a kanta? Da zarar an buga tallar gurbi a jarida, sai ka ga farfesoshi rututu sun fito, an ja daga, an kasu gida-gida. A nan ne ba zan ɗora wa gwamnati laifin duka ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu yawo da takardun ƙorafi zuwa Abuja cikin dare, masu bin fadar sarakuna da gidajen 'yan siyasa neman a sa musu baki, masu tono asalin abokin takara da masallacin ko cocin da yake zuwa, ai ba daga kasuwa aka ɗebo su ba. Malamai ne. Shugaban da ya hau ta wannan tsani kuwa, ya hau da bashi a wuya, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da muƙamin darakta zai biya, da kwangila, da gurbin aiki, da kau da kai idan nasa ya yi laifi.

Ba haka aka faro ba. Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, shugabanta na farko Norman Alexander mutumin New Zealand ne, sannan Ishaya Audu ya karɓa a 1966 ya riƙe ta har 1975. A ƙarshen shekarun 1970, Umaru Shehu ɗan Borno ya shugabanci jami'ar Nsukka, Adamu Baikie ya riƙe ta Benin, Oladipo Akinkugbe ya zo Zariya, James Ezeilo kuma ya zo Bayero. Kada a ce na yi wa zamanin da kwalliya: soja ne suka yi wannan rabon da ƙarfin iko, ba kowa ya ji daɗinsa ba, kuma sojan nan ne dai daga baya, a 1995, suka ɗora Manjo Janar Mamman Kontagora a matsayin kantoma a kan jami'ar Zariya. Amma dai a lokacin ba a ɗauki jami'ar tarayya gadon gidan kowa ba. Ku kwatanta da abin da ya faru a Ile-Ife a watan Maris na 2022, inda wasu 'yan gari suka shiga harabar Jami'ar Obafemi Awolowo da kayan tsafi suna zanga-zanga, don kawai wanda aka zaɓa ba ɗan Ife ba ne. Kuma Bayerabe ne ɗan'uwansu, daga jihar Osun ɗin dai. Kada mu yi musu dariya. Wannan tambaya ta "ɗan ina ne?" muna yin ta a nan ma, sai dai mu cikin raɗa muke yi.

Doka ta tsara hanyar zaɓe sarai. Majalisar gudanarwa ta yi talla, a kafa kwamitin lalubo 'yan takara, kwamitin haɗin gwiwa na majalisar gudanarwa da ta malamai ya tantance ya fitar da mutum uku, majalisar gudanarwa ta naɗa ɗaya, sannan ta sanar da shugaban ƙasa. Sanarwa, ba neman izini ba. Wannan shi ne 'yancin da gyaran dokar 2003 ya kawo. Amma 'yanci a takarda daban, a aikace daban. A watan Fabrairun 2016 an sauke shugabannin jami'o'i 13 a sanarwa guda. A watan Yunin 2023 an rushe majalisun gudanarwar jami'o'in tarayya baki ɗaya, aka bar su kusan shekara babu waɗanda doka ta ba hurumin naɗi da ƙarin girma da amincewa da kasafi. A Jami'ar Legas a 2020, majalisar gudanarwa ƙarƙashin Wale Babalakin ta tsige shugaban jami'ar, Oluwatoyin Ogundipe, a wani zama da ta yi a Abuja, bayan wata uku gwamnati ta mayar da shi. A watan Nuwamban 2024 an soke naɗin shugaban Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka. A watan Fabrairun 2025 kuma aka sauke Aisha Maikudi daga shugabancin Jami'ar Abuja, ba ta cika wata biyu da tabbatar da ita ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa bayanin, wani ma gwamnati na iya cewa gyara ta yi. Amma shugaban da ke kallon wannan jerin, wa zai fi tsoro, majalisar malamansa ko wayar da za ta shigo daga ma'aikatar ilimi?

Akwai kuma wani shugabancin da ba a kawo shi a labarai, alhali a can gizo ke saƙa. Ina nufin shugaban sashe da shugaban tsangaya. Ɗalibi zai iya shekara huɗu bai taɓa gaisawa da shugaban jami'a ba, amma makomarsa na teburin shugaban sashe: shi ke raba kwasa-kwasai, shi ke bin malamai su kawo sakamako, shi ke sanin wane kundin bincike ne ya shekara biyu a aljihun tebur ba a duba ba. Sau da yawa ƙaramin malami ake jibga wa wannan aiki saboda manyan sun tafi, wasu ƙasashen waje, wasu jami'o'i masu zaman kansu, wasu kuma suna nan a suna amma sun rarrabu tsakanin jami'o'i uku suna koyarwar ziyara. Yaya mai digirin digirgir na shekaran jiya zai aika wa farfesan da ya koyar da shi takardar tuhuma don ya riƙe sakamakon jarrabawa? A al'adarmu ma da nauyi. Ba a horar da shi ba, ba a ba shi kuɗin gudanarwa na a zo a gani ba, wani lokaci takardar buga jarrabawa ma daga aljihunsa take fita. Kuma a wannan matakin ne ake rufe ko a tona maganar malamin da ke matsa wa ɗaliba. A 2018 jami'ar Ife ta kori wani farfesa kan neman lalata da ɗaliba don ba ta maki, kotu ta ɗaure shi shekara biyu. Ba a jira kasafin kuɗi daga Abuja kafin a yi wannan ba.

A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta ce ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta har shekara bakwai. An makara, amma gara haka, domin kowace sabuwar jami'a daga cikin 'yan malaman da suka rage take yagar nata, kuma kowace sai an nemo mata shugaba da magatakarda da ma'aji da motocinsu. Abin da ya rage wa gwamnati shi ne ta bar majalisun gudanarwa su cika wa'adinsu, ta kuma daina mayar da su wurin sallamar waɗanda suka faɗi zaɓe.

Abin da ya rage wa malaman kuma bai kai haka wuya ba, ba ya ma cin ko sisi. Duk lokacin da za a zaɓi shugaba, a bayyana ƙa'idojin tun kafin a san su wa za su nema, kada a auna rigar da jikin wani. Idan an gama tantancewa, makin da kowane ɗan takara ya samu a manna shi a allon sanarwa na ofishin magatakarda, yadda ake manna wa ɗalibai nasu a ƙarshen kowane zango.