Kuɗin mai fenti: ina tsadar take, ina zaluncin yake?

Assalamu alaikum, jama'a masu saurarenmu a birnin Sakkwato da kewaye. Sharhinmu na yau ya shafi wata magana da kan haɗa masu gida da masu sana'a ka-ce-na-ce, musamman idan Sallah ta gabato, ko ana gyaran ɗakin amarya, ko ana shirin tarbar alhazai. Maganar ita ce kuɗin da masu fenti da masu ƙawata gida ke nema.

Daga Mabera zuwa Arkilla, daga Runjin Sambo zuwa Gawon Nama, zancen iri ɗaya ne. Mai gida ya ce, "Haba Malam, waɗanga kuɗɗi sun yi yawa, bango ne fa kawai za ka shafa." Mai fenti ya amsa, "Alhaji, shiga kasuwa ka tambayi bokiti nawa." A nawa ganin, ladan hannun mai fenti a garin nan bai yi yawa ba, sau da dama ma bai kai wahalarsa ba. Inda cuta ke shigowa shi ne yadda muke ƙulla cinikin a dunƙule, kuɗin kaya da kuɗin aiki a cakuɗe, babu wanda ya faɗi abin da za a yi, babu wanda ya san abin da ya saya.

Mu fara da kayan. Tun ranar 29 ga watan Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta zarce 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Wannan ya shafi fenti kai tsaye, domin farin sinadarin da ke sa fenti ya rufe bango daga waje ake shigo da shi, da dala ake biyansa. Manyan masana'antun fentin kuma galibinsu suna Legas da Ogun, sai mota ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin bokiti ya sauka a shagon ɗan kasuwar Sakkwato. Duk wannan ƙarin ba aljihun mai fenti yake shiga ba. Amma da yake shi ne ya furta jimillar kuɗin a ƙofar gida, shi ake yi wa kallon mai tsawwalawa.

Sai aikin kansa. Wanda ya ce fenti shafa ce kawai bai tsaya ya ga yadda ake yinsa ba. Ɗaukar rola shi ne mataki na ƙarshe, kuma shi ya fi sauƙi. Kafin nan sai an kankare tsohon fentin da ya tashi, an toshe tsaga da ramukan ƙusa, an bar su sun bushe, an goge da samfefa har bangon ya yi sumul, an share ƙura, an rufe tayil da gilashin taga da makunnin wuta. A tsohon gida wannan shiri kan ci lokaci fiye da shafawar. Kuma idan ya yi kyau ba a ganinsa, sai idan an tsallake shi ne yake bayyana, bayan wata uku ko huɗu, lokacin da bango ya fara ɓarewa. Shi ya sa mai gida ke jin nauyin biyansa, shi ya sa kuma maras tsoron Allah cikin masu sana'ar ya fi saurin sace shi.

A haɗa da yanayin garinmu. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, bangon da rana ta buga ya ɗauki zafi, fenti ya bushe a kansa tun bai kama ba. Dole mai aiki ya fito da sassafe, ya tsaya idan rana ta take. Da hunturu ƙura na manne wa ɗanyen fenti. Da damina aikin waje kan tsaya cak. Mutumin nan yana kan tsani, wuyansa a ɗage yana shafa silin, yana shaƙar warin fentin mai da ƙurar samfefa a rufaffen ɗaki. Idan ya faɗo babu mai biyan kuɗin asibitinsa, idan ya tsufa babu fansho. A watan Yulin 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, wato gwamnati da kanta ta yarda cewa tsohon lada ba ya riƙe gida. Ma'aikaci yana karɓar nasa duk wata, an yi ruwa ko ba a yi ba. Mai fenti kuwa zai iya yin mako biyu yana aiki, ya yi mako uku yana zaune, kuma abin da ya samu a kwanakin aiki shi zai ci da iyalinsa a kwanakin zama. Wanda ke neman a shafa masa ɗaki a farashin shekara uku da suka wuce, ya fara tambayar kansa ko yana sayen mudun gero a farashin wancan lokacin.

To, ina matsalar take? Tana cikin jingar da ake yi a dunƙule. Mai fenti ya zagaya gida, ya ɗaga kai ya duba, ya yanke kuɗi. Mai gida ya raba biyu ya taya. A yi ta ja, har a tsaya a wani wuri da mai fenti ya san sarai ba zai isa ba, amma ya karɓa saboda gida babu cefane, kuma ya san in ya ƙi akwai mai karɓa. Abin da aka rage masa a baki, a cikin bokiti zai fanshe shi. Zai sayi fenti mai rahusa wanda alli ya fi yawa a cikinsa, irin wanda ke shafa wa mutum fari a riga idan ya jingina. Zai ƙara ruwa fiye da ƙima. Inda ya kamata a shafa sau biyu ya shafa sau ɗaya da rabi. Mai gida ya koma yana murna ya iya ciniki, alhali shekara ba za ta zagayo ba sai ya sake kiran wani. Araha dai ba ta ado.

Ba na wanke masu sana'ar da wannan bayani. Matsin ciniki ba ya halatta algus, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Akwai mai karɓar kuɗin fenti mai suna ya zuba na banza a tsohon bokitin kamfani. Akwai mai duban motar da ke ƙofar gida kafin ya duba bango, sai kuɗin ɗaki ɗaya ya bambanta tsakanin gida da gida ba don aikin ya bambanta ba. Akwai mai karɓar kafin alƙalami ya tafi wani aikin, ya kashe waya, ya bar iyali da kaya jibge a tsakar gida ana saura kwana huɗu ɗaurin aure. Waɗannan su suka jawo wa masu gaskiya zargi, su suka sa duk kuɗin da aka faɗa sai a ɗauka an ninka shi. Abin ya fi muni a aikin silin na POP da sauran kwalliyar zamani, inda mai gida ba shi da yadda zai san buhu nawa aka ci.

Malamanmu na fikihu sun daɗe da warware wannan. A babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, sharaɗi ne lada ya zama sananne, aikin ma ya zama sananne. "Ka gyara mini gidan ya yi kyau" ba sanannen aiki ba ne. Kuma sanin ba shi da wuya. A ɗauki ɗakin da muka saba da shi, ƙafa 12 a kan 12. Idan tsayin bangon ya kai mita 3, aka cire ƙofa da taga, abin da za a shafa kimanin murabba'in mita 40 ne. Shafawa biyu ta zama 80. Fentin ruwa mai kyau, lita ɗaya kan rufe kimanin murabba'in mita 8 zuwa 10 a bango mai santsi, saboda haka lita 8 zuwa 10 ta isa, kusan rabin babban bokiti mai lita 20. Sabon filasta ya fi haka sha, silin ma lissafinsa daban. Da wannan ɗan awo mai gida zai gane idan an ce masa bokiti biyu a ɗaki ɗaya, zai kuma gane cewa wanda ya ce galan ɗaya mai lita 4 zai shafe ɗakin duka, ruwa zai shafa masa.

Saboda haka a raba lissafi gida biyu a takarda, ko a saƙon waya in babu takarda. Kaya daban: wane fenti, bokiti nawa, a je shago tare ko a kawo rasit, a buɗe bokitin a gaban mai gida. Aiki daban: ɗaki nawa, za a kankare ko ba za a kankare ba, sau nawa za a shafa, ƙofofi da ƙarafan taga suna ciki ko ba sa ciki, kwana nawa. Idan an yi haka, mai gida ya ji kuɗin masu sana'a biyu ko uku, zai san abin da yake kwatantawa. Idan aljihu bai kai ba, a rage ɗakuna ko a sauko zuwa fenti mai sauƙi da sanin kowa, amma kada a rage ladan hannu a sa ran aikin ba zai ragu ba.

Akwai kuma laifin da ake ɗora wa mai fenti alhali ba nasa ba ne. Sabon filasta yana buƙatar kamar mako huɗu kafin ya bushe sosai. Mai gida na gaggawar tarewa, ya ce a shafa. Bangon da ke jan laima daga ƙasa ko daga bututun da ke yoyo zai fitar da farin gishiri ya ture kowane irin fenti, komai tsadarsa. Haƙƙin mai sana'a ne ya faɗi wannan tun kafin ya fara, ko da faɗar za ta sa ya rasa aikin. Idan ya faɗa aka ƙi ji, to ba shi za a bi bashi ba.

Masu gida kuma, mu ji tsoron Allah kan abu biyu. Na farko ƙarin aiki: an yi ciniki a kan ɗaki uku, sai a ce ɗan taɓa kicin, ɗan taɓa katanga, ɗan taɓa ƙofar waje, a ƙarshe ba a ƙara ko kwabo ba. Na biyu cikon kuɗi. An gama aiki, an tare, baƙi sun yaba, amma mai fenti yana ta sintiri a ƙofar gida ana ce masa Alhaji ya fita. Hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba. Riƙe wani kaso har a duba aiki ba laifi ba ne idan da shi aka yi sharaɗi, amma a sa masa rana, ranar ta zo a biya.

Wanda ya fi shan wahalar jinkirin nan ma ba ubangidan aikin ba ne. Yaran da ke bayansa ne, waɗanda suka yi ta gugar bango da samfefa har gashin kansu ya yi fari, suka ɗauko ruwa, suka wanke rola. Su ake biya a ƙarshe, daga cikon da ya rage. Duk ranar da aka riƙe cikon, ko aka zabge shi a ciniki, su ne ke komawa gida hannu rabbana. Ina kira ga shugabannin masu wannan sana'a a Sakkwato da su zauna su tsayar da ladan yaran nan na yini, a riƙa rubuta shi a fili cikin lissafin da ake ba mai gida, a kuma sallame su kullum da yamma, ba sai ranar da ciko ya fito ba.