069: Tashin NITEL da faɗuwarta

Jama'a, wa ya tuna 069? Duk wanda ya girma a Sabon Gari, Tudun Wada ko Samaru kafin zuwan salula ya san lambar Zariya ke nan. Kaduna 062, Kano 064. Wayar girke ce a falo, an lulluɓe ta da ɗan ƙyalle, wani gidan har da ƙaramin kwaɗo a faifan lambobin don kada yara su buga. Ta gida ɗaya ce, amma unguwa duka ke cin moriyarta. Da ta yi ƙara sai a tura yaro da gudu: "Baba, ana kiranku daga Legas!"

Mai wannan layi ita ce NITEL, kamfanin tarho na gwamnati. A 1985 gwamnatin tarayya ta haɗe sashen tarho na P&T, wato gidan waya, da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje, aka kafa NITEL. Ita kaɗai ce a fage, babu kishiya. Amma har 2000 layukan da ke aiki ba su wuce rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 100. Samun layi sai jira, sai sanayya.

A Janairun 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM, kowanne dala miliyan 285. MTN da Econet suka fara aiki a Agusta. Nan da nan 'yan lema masu sana'ar buga waya suka cika bakin titi, ɗalibai na layi suna kiran gida.

Abin da ke ci mini rai shi ne, NITEL ma tana da lasisin, ga turaku, ga ƙwararrun injiniyoyi. Amma lokacin da ake tseren kafa eriya, ita kuwa tallarta ake yi. Kamfanin masu zuba jari IILL ya taya a 2001, ya kasa biya. Aka damƙa wa kamfanin Pentascope na Holan ragama a 2003, aka soke a 2005. Kamfanin Transcorp na Najeriya ya saya a 2006, gwamnati ta ƙwace a 2009. Kowane sauyin hannu, layuka na mutuwa, ma'aikata na bin bashin albashi.

A ƙarshen 2014 kamfanin NATCOM ya sayi kadarorin NITEL kan kusan dala miliyan 252, kuɗin da bai kai na lasisi ɗaya a 2001 ba. Daga cikinsu kamfanin salula ntel ya fito a 2016.