Masu digiri nawa ne suka zauna a garuruwanmu?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Masana tattalin arziki suna da wani ma'auni da suke gane ƙarfin birni da shi: cikin baligan da ke zaune a garin, mutum nawa ne suka gama jami'a. Hujjarsu ita ce, inda masu ilimi mai zurfi suka taru, nan kamfanoni suke zuwa neman ma'aikata, albashi ya ƙaru, haraji ya shigo, har tela da mai shago su ga canji a cinikinsu.

To, idan gine-gine ake dubawa, arewacin Kamaru ya yi gaba. Ngaundere ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, Marwa ta samu tata a 2008, Garwa kuma a 2022. Yau kowane yanki cikin yankuna ukun arewa yana da jami'arsa, yaron Mokolo ko na Gidar ba sai ya tafi Yawunde ba kafin ya yi lisans, wato digirin farko. Wannan ci gaba ne, kuma mun gode Allah.

Sai dai ma'aunin nan ba ɗalibai yake ƙirgawa ba, mazauna yake ƙirgawa. Ɗalibi baƙo ne. Abin tambaya shi ne, ranar da ya karɓi takardarsa, ina yake nufa? Da yawa jirgin ƙasa suke hawa daga Ngaundere su gangara Yawunde da Duwala, domin can ma'aikatu da manyan kamfanoni suke. Waɗanda suka tsaya kuwa, wasu suna jiran konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, shekara da shekaru, wasu sun hau babur suna kilando, wasu suna koyarwa a makarantun kuɗi a kan albashin da ba ya kai su ƙarshen wata. Idan aka ƙirga waɗannan a ce gari ya bunƙasa, wallahi an yaudari kai, an kuma cuci iyayen da suka sayar da shanu da buhunan gero suka biya kuɗin karatu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikin yana nan. Sodecoton, wato kamfanin auduga, tana Garwa, amma yawancin audugarmu ɗanya take fita. Adamawa cike take da shanu, ga makarantar likitocin dabbobi da ta sarrafa abinci a Ngaundere, amma madarar gari daga waje muke saye. Albasar Marwa tana ruɓewa don rashin wurin ajiya. Kuma wane mai jari zai kafa masana'anta inda wuta ke ɗaukewa duk lokacin da ruwan madatsar Lagdo ya ja baya?

Don haka muna kira ga jami'o'in nan uku su riƙa bin sawun ɗalibansu, su faɗa wa jama'a duk shekara nawa suka samu aiki, a wane gari, kuma ko aikin da suka karanta ne. Magadan gari da majalisun yankuna su ɗauki alƙaluman nan su zauna da 'yan kasuwarmu, a fara da maganar wuta da masana'antun sarrafa auduga, nama da madara.