Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Aka Kasa Hana Kwafar Faifai?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko daga wani mai sauraronmu ce, yana cewa: "Me ya sa kamfanonin waƙa da fina-finai, duk da tarin kuɗinsu, suka kasa yin kariyar da za ta hana a kwafi kayansu a yaɗa a intanet?"

To malam, tun daga tushe matsalar take. Duk wanda ya sayar maka da fim a kulle, tilas ya haɗa maka da mabuɗi, in ba haka ba da me za ka kalla? Mabuɗin nan yana ɓoye cikin na'urarka ko manhajarka, wato yana hannun miliyoyin mutane. Mutum ɗaya ya gano shi, shi ke nan, kowa ya samu. Haka ta faru da faifan DVD a 1999, lokacin da wani yaro ɗan ƙasar Norway mai shekara 15, Jon Lech Johansen, da abokan aikinsa suka fitar da manhajar DeCSS mai buɗe kariyar. An kai shi kotu, kotu ta wanke shi a 2003.

A 1999 ɗin ne kuma manhajar Napster ta ɓullo a Amurka, mutane na musayar waƙoƙi kyauta ta cikinta. Da yake tana da cibiya ɗaya, shari'a ta durƙusar da ita a 2001. A shekarar ce Bram Cohen ya ƙirƙiro BitTorrent, inda kowa ke karɓar guntun fayil yana miƙa wa wani. Wa za ka kama ke nan? 'Yan sandan Sweden sun kai samame kan shafin The Pirate Bay, inda ake neman fayilolin BitTorrent, a 2006, cikin 'yan kwanaki ya dawo aiki.

Sai wata malama da ta rubuto: "Na sayi littafi ta intanet da kuɗina, amma ya ƙi buɗewa a sabuwar na'urata. Laifi ne in cire kariyar?"

Malama, ya danganta da dokar ƙasarku. A Amurka, dokar DMCA ta 1998 ta haramta karya irin wannan kariya, ko da abin naki ne, sai a 'yan wuraren da aka keɓe. Gaskiya wannan yana damuna ƙwarai. Mai satar fasaha yana da kwafin da ke buɗewa ko'ina, ke da kika biya ke ce kike shan wahala. A 2005 ma kamfanin Sony BMG ya saka wata ɓoyayyiyar manhaja a faifan CD da ke shiga kwamfutar mai saye ba da saninsa ba, har ta buɗe wa masu kutse ƙofa, sai da aka janye faya-fayan daga kasuwa.

Ba ina halasta cin gumin mawaƙi ko marubuci ba ne, haƙƙinsu haƙƙi ne. Amma a ganina sauƙin samu ta halastacciyar hanya ya fi kulle-kulle tasiri. Spotify, dandalin sauraron waƙoƙi ta intanet, ya fara a 2008, kamfanin Apple kuma ya cire kariya daga waƙoƙin shagonsa na iTunes a 2009, mutane suka ci gaba da saye. Shawarata, malama, ki fara tuntuɓar inda kika saya su mayar miki da littafin kan sabuwar na'urar, nan gaba kuma ki duba ko akwai kariya kafin ki biya.